Tsatsar Faifan Birki Bayan Wankin Mota: Wadda Ba Ta Da Illa da Wadda Ke Jawo Haɗari

Duk wanda motarsa ke da rim mai manyan tagogi ya taɓa ganin wannan abu. An kai mota wurin wanki, yara sun sheƙa mata ruwa da kumfa, sun goge ta tana ɗaukar ido. Kafin mai ita ya gama biyan kuɗi, sai ya leƙa ta cikin rim ya ga faifan birki, wanda kanikawa ke kira dis, ya sauya kala. Ɗazu fari ne sol, yanzu ya yi ɗige-ɗigen ja, wani wurin ma har jan ruwa na gangarowa yana ɓata rim ɗin da aka gama wankewa. In kuwa motar ta kwana a haka, da safe ana taka birkin farko sai a ji wata ƙarar gurza daga ƙafafun.

A nan mutane ke rabuwa. Wani ya hau yaron wanki da faɗa, wai ya zuba wa motar sinadari mai cin ƙarfe. Wani ya zarce gareji, inda in bai dace da bakanike mai tsoron Allah ba za a ce masa, "Alhaji, ai dis ya mutu," a caje shi kuɗin sabo. Wani kuma ya ce ai maganin tsatsa mai ne, ya nemo baƙin mai ko gas ya shafa. Duka ukun sun yi kuskure, amma na ukun ne kaɗai ya sa ransa da na jama'a cikin haɗari.

Jan da ke fitowa a faifan birki jim kaɗan bayan wanki ba ciwo ba ne, kuma birkin da kansa ke share shi. Tsatsar da ya kamata a ji tsoro daban take, tana da alamominta, kuma yawanci a wurin da ido ba ya kai take ɓuya.

Me ya sa yake tsatsa da wuri haka?

Faifan birkin yawancin motocin da ke kan titunanmu, daga Corolla da Camry da Accord zuwa Golf da Sharon da Hiace, da ƙarfen zubi aka yi shi, wato baƙin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 3 cikin 100, wanda aka narka aka zuba a mazubi. Ba don ƙeta masu ƙera motoci suka zaɓe shi ba. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota zafi: fad ya matse faifai, gugar ta haifar da zafi, mota ta tsaya. Ƙarfen zubi na shanye zafi mai yawa ba tare da ya lalace ba, fad na kama shi da kyau, ba ya yawan ƙara, kuma yana da sauƙin kuɗi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jure ruwa.

Sauran jikin mota fenti ke kare shi. Fuskar faifai kuwa ba ta fentuwa, domin duk taka birki ɗaya fad na kankare ta. Kullum tsirara take. Tsatsa kuma abu uku kawai take nema: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin da muke shaƙa. Bayan wanki duka ukun sun haɗu. Ruwan da ya lulluɓe faifan ɗan siriri ne, iska na ratsa shi ta kai ga ƙarfen nan take, in kuma faifan na da ɗumi daga tafiya sai aikin ya ƙara sauri. Shi ya sa cikin 'yan mintoci ake ganin ja.

Manomi ya san wannan. Fartanyar da ta kwana a gona cikin raɓa da safe ja take wayar gari, amma kafin a gama kunya biyu bakinta ya koma fes. Haka faifan birki yake. Tsatsar a sama-sama take, in ka shafa yatsa a faifan da ya huce za ta biyo ka kamar hoda, ƙarfen da ke ƙasa kuma lafiya lau.

Don haka wannan ja ba shaidar jabun dis ba ce. Motar da ta fito daga kamfani yau ma haka take yi. Waɗanda ba sa yi su ne faifan babura masu birkin dis, wanda yawanci da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin sa, da faifan kabon da tangaran na motocin alfarma irin su Ferrari da wasu Porsche, wanda kuɗin saitinsa ya isa sayen wata motar. Akwai kuma dis da ake sayarwa da rufin baƙi ko toka-toka. Rufin na kare tsakiya da gefe, amma fuskar da fad ke guga tana kankarewa cikin kwanakin farko, ta koma yin ja kamar kowace.

Yanayi ma na da nasa hannu. Lokacin hunturu a Kano ko Damagaram ruwa na bushewa kafin ya yi wani aiki sosai. Da damina kuwa ko ba a wanke mota ba, laimar dare kaɗai ta isa. A garuruwan gaɓar teku irin su Legas da Fatakwal da Kwatano da Akara, inda iska ke ɗauke da laima da gishiri, abin ya fi yawa. Haka ma ruwan rijiya mai zartsi ya fi ruwan famfo saurin tayar da tsatsa.

Abin da za ka yi da zarar an gama wanki

Ɗan haɗarin da ke cikin mintocin farko bayan wanki ba tsatsa ke kawo shi ba, ruwa ne. Jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa yadda ya saba a takun farko, musamman a motocin da birkin ƙafafun bayansu daram ne ba faifai ba, domin ruwa na maƙalewa a ciki. Direban da ya fito daga wurin wanki ya hau babban titi da gudu, bai san da haka ba sai lokacin da ɗan adaidaita ya gitta gabansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ka fita a hankali, ka sami hanya marar cunkoso, ka duba madubi, sannan a gudun kilomita 30 zuwa 40 ka taka birki a natse har mota ta kusa tsayawa, ka saki, ka sake tafiya. Ka maimaita sau biyar zuwa goma. Zafin zai busar da ruwan, fad kuma zai share jan. Ƙarar gurzar da ka ji da farko za ta ragu har ta ɓace. Wasu motocin BMW da Mercedes ma da kansu suke yin irin wannan: in ana ruwa, na'urarsu na ɗan taɓa fad a jikin faifai lokaci-lokaci don ya zauna a bushe.

Mai wanke mota a gida ya fi kowa buƙatar wannan, domin shi ne ke wankewa da yamma ya shigar da ita ya rufe ƙofa. Zagaye ɗaya na unguwa kafin a ajiye ta ya wadatar. Kada kuma ka damu in ka ga faifan baya ya fi jinkirin gogewa. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, na baya taimako suke yi.

Garin neman gira

Kada mai ya taɓa faifan birki ko fad, kowane irin mai ne. Ba baƙin mai ba, ba gas ba, ba giris ba, ba kananzir ba, ba kuma man feshin kwance kusoshi irin WD-40 ba. Birki da guga yake aiki, mai kuma kashe guga yake yi. Wanda ya shafa mai don kada dis ya yi ja, garin neman gira ya rasa ido.

Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne fad na tsotse mai. Ko an goge samansa, da zarar ya ɗau zafi sai man da ke ciki ya sake tsattsafowa. In kuma ƙafa ɗaya ce ta sha mai, ɗayar na kamawa ita tana sulɓi, sai mota ta fizgi sitiyari gefe guda daidai lokacin da ake neman ta tsaya. Bayan haka, man da aka samo daga fetur na kumbura robobin da ke rufe fistin da fil-fil na kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, su saki, ruwa da ƙasa su shiga.

Sau da yawa ba mai motar ne ke shafa man da hannunsa ba. A wurin wanki ake yi yana zaune yana duba waya. An ɗora mota a kan rami, yaro ya cika bindigar feshi da gas gauraye da baƙin mai, ya shiga ƙasa yana fesawa ko'ina don ƙarƙashin ya yi baƙi yana ƙyalli. Hazon man na tashi ya sauka a bayan faifai, inda ba mai gani. Haka ma man ƙyallin taya da ake fesawa daga gwangwani, yana bi ta tagogin rim ya faɗa kan dis. In dole sai an yi wa taya ƙyalli, a zuba man a soso a shafa da hannu. Feshin ƙarƙashi kuwa, ko a rufe ƙafafun da leda kafin a fara, ko a haƙura da shi.

In aikin gama ya riga ya gama, kada a hau titi. A wanke faifan da maganin feshin da aka yi musamman don wanke birki, wanda ke bushewa bai bar maiƙo ba, a kuma canza fad na ƙafafun biyu, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta jiƙe.

Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi

Wani kuskuren shi ne wanke mota tana shigowa daga doguwar tafiya. Direban da ya gangaro Hawan Kibo daga Jos da lodi, ko wanda ya sha cunkoso yana taka birki ba hutu, faifansa na iya kai zafin digiri ɗaruruwa. In aka sheƙa masa ruwan sanyi, gefen da ruwa ya taɓa zai tsuke nan take, sauran yana nan a buɗe. Wannan ja-in-ja na iya sa faifai ya ɗan karkace ko ya yi ƙananan tsagu. Ƙaurin da kake ji da tururin da ke tashi gargaɗi ne.

Ka ba ta minti 20 zuwa 30 ta huce. A fara da share ciki da goge kujeru, ƙafafu su zo daga baya. Kada ka gwada zafin da yatsa. Kusantar da bayan hannu kusa da rim ya isa. Mai riƙe da injin feshi kuma ya ja baya kaɗan in ya zo ƙafafu, don ƙarfin ruwan na iya kutsawa ta robobin kalifa da na boris ya kore giris ɗin da ke ciki. Masu shigar da mota rafi ko kududdufi don wanki su sani cewa yashi da laka na shiga daram, su zauna suna cin shu, wato fad ɗin daram, a hankali.

Birkin hannu da motar da za a ajiye

Yawancinmu in za mu yi doguwar tafiya, aikin Hajji ne ko wani zama na makonni, mukan wanke mota tas, mu ja birkin hannu har ƙarshe, mu lulluɓe ta da tamfol. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da tsatsa marar illa mai illa. Jiƙaƙƙen shu ko fad da aka matse a jikin ƙarfe, tsatsa na liƙe su wuri ɗaya. Ranar dawowa a saki birkin hannu mota ta ƙi motsi, ko ta motsa da ƙarar "ƙwas". Wani lokacin fatar fad ɗin ce ke ɓallewa daga ƙarfen bayanta. Ko ba ta ɓalle ba, sawunta na zama a fuskar faifai, a riƙa jin bugu-bugu a ƙafa duk taka birki.

In za a ajiye mota fiye da 'yan kwanaki, a busar da birki tukuna kamar yadda aka bayyana. A nemi shimfiɗaɗɗen wuri, in da hali mai siminti ba jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Motar otomatik a sa ta a P, mai giyar hannu a bar ta a giya, a tokare tayoyi da katako gaba da baya, a bar birkin hannu a sake. A wurin gangara kuwa ba a wasa, a ja birkin hannu a kuma tokare. In akwai amintaccen da ya iya tuƙi, ya riƙa zagayawa da ita duk mako ko mako biyu. Tayar da inji a tsaye ba ya amfanar birki da komai. In kuma ka tarar ta liƙe, ka gwada gaba da baya a hankali. Ta ƙi, kira bakanike, kada ka danna totur da ƙarfi.

Masu motocin haɗin fetur da batir irin su Prius, da masu motocin lantarki, su ƙara kula. Waɗannan da injin lantarkinsu suke rage gudu yawancin lokaci, fad ba ya yawan taɓa faifai, sai tsatsa ta sami wurin zama. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanin Volkswagen ya koma wa daram a ƙafafun bayan motocinsa na ID.3 da ID.4.

Tsatsar da ba ta tafiya

Ma'aunin mai sauƙi ne. In bayan tafiyar kilomita kaɗan da taka birki fuskar faifai ta koma fari daga ciki har gefe, ba matsala. Tsatsar da ke tsakiyar faifai da bakin gefensa, inda fad ba ya kai, ita ma muni kawai take yi muddin ba ta fara ɓarewa ba. Amma ka nemi bakanike in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Zoben tsatsa mai faɗi a fuskar faifai da ya ƙi gogewa bayan kwana ɗaya ko biyu na tuƙi. Alama ce fad ba ya zama daidai, galibi saboda fil ɗin kalifa ya cije.
- Ƙafa ɗaya ta goge, takwararta tana nan ja. Birkin wannan ƙafar ba ya aiki.
- Ƙananan ramuka a fuskar ƙarfen, ko tsatsa mai ɓarewa ɓawo-ɓawo a gefe da cikin ramukan shan iska da ke tsakanin fuskoki biyun.
- Rawar sitiyari ko bugu a ƙafa yayin taka birki.
- Mota na jan gefe, ko rim ɗaya ya fi sauran zafi da ƙauri bayan tafiya.
- Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe da ba ta daina ba.

A tuna cewa faifai fuska biyu gare shi. Wadda kake gani ta rim tana iya zama fes, ta ciki kuma ta rube, domin can laima ta fi daɗewa. Sai an cire taya ake ganin gaskiya.

Motocin Beljiyam da motocin ambaliya

A Kanada da arewacin Amurka, jihohi irin su Michigan da Ohio da New York, da kuma ƙasashen Turai masu sanyi, ana zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara. Motar da ta shekara goma tana bin irin waɗannan hanyoyi takan iso mana da sunan Beljiyam, da bodi mai kyau, ƙarƙashi kuwa a cinye. Ga ta kuma ta yi makonni a tsaye a jirgin ruwa da tashar Kwatano ko Legas. Kafin ka biya kuɗi a ɗaga ta. A duba dis da kalifa, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa ƙafafu. In tsatsa ta ci ɗaya ya fashe, birki na nutsewa ƙasa ba sallama.

Haka motar da ambaliya ta shanye, irin abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Irin wannan mota ba taka birki sau goma ne maganinta ba. Sai an kwance ƙafafun huɗu an wanke, an sa sabon giris, an kuma zubar da man birki gaba ɗaya. Man birki na zuƙar laima. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 ya sauko wajen 155. In ya tafasa a gangara, birki na yin laushi ya ƙi kamawa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, ko da ruwa bai taɓa shanye motar ba.

In ka je gareji

Ba a yanke wa dis hukunci da kala, da awo ake yi. Kusan kowane faifai na da rubutu a gefensa ko tsakiyarsa, MIN TH da lamba a milimita, wato kaurin da bai kamata ya gaza ba. Ka ce wa bakanike ya auna a gabanka. In da sauran kauri kuma tsatsar ba ta yi zurfi ba, ana iya gogewa ko a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar, muddin bayan sharewar bai gaza lambar ba. In ya gaza, ko ya tsage, sai sabo.

Bibbiyu ake canzawa, hagu da dama, tare da sabon fad. Fad kuma in kaurin fatarsa ya sauko wajen milimita 3 ya isa canji. Ka tabbata an kankare tsatsar da ke kan mazaunin faifan da buroshin waya kafin a ɗora sabon, domin 'yar tsatsa kaɗan a wurin na sa sabon dis ya zauna a karkace, rawar sitiyari ta dawo. Fil-fil na kalifa a sa musu giris ɗin birki, ba kowane giris ba. Kada a hura ƙurar birki da iska ana shaƙa, don wasu fad masu araha na ɗauke da asbestos mai cutar huhu. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake saye ko a Panteka ta Kaduna, ka tuna araha ba ta ado. Bayan an gama, ka taka birki sau da yawa a tsaye har ya yi tauri kafin ka motsa.

Kira ga masu wuraren wankin mota: ku koya wa yaranku su bar ƙafafu su huce, su nisanta mai daga dis, su kuma tunatar da direba ya gwada birki kafin ya hau titi. Shugabannin tashoshi su yi wa direbobin haya wannan bayani, domin su ne ke wanki kullum kuma su ke ɗauke da rayuka. Kai kuma mai mota, jan da ka gani bayan wanki kada ya sa ka kashe kuɗi ko ka nemi mai. Ka taka birki ya goge. In ya ƙi gogewa, kada ka ɗauki iyalinka a motar sai an cire taya an duba.